Bangon Bayan Murhu

Salifu maso ya gama yaɓe ran Laraba,
ya goge hannu a wando, ya ce: Saura naki, Cima.
Ki je Katako ki zaɓo karo
na bangon bayan murhu.
Mita uku da rabi, ban da wanda zai fashe a hanya.

Ban tafi da ido kaɗai ba.
Na ƙulla ragowar miyar jiya a leda,
tumatir da man ja na yawo a kanta,
na haɗa da tsumman tsohon zanen goyo,
na tari taksi daga Talaje, rana na dukan tsakar ka.

Sahabi mai shago, baki kamar an shafa zuma:
Ga ƙanana nan, Hajiya, kamar ƙwayar sukari,
shuɗi da fari, manyan gidaje ke ɗauka.
Na ce: Ɗana, ƙirga mini layin da ke tsakaninsu.
Kowane layi kwata ce, can maiƙo zai kwanta,
ni ko bayana ya wuce sunkuyo da buroshi.

Ya jawo mai kaushi, wai dutsen Abzin yake kwaikwayo.
Na kwance leda. Ya zaro ido.
Na ɗiga miya, na ƙirga goma, na bi da tsumma.
Ja ya shige ramu ya zauna
zaman mai bin bashi.
Yaran shago suka bushe da dariya,
har mai turin amalanke ya tsaya kallo.

Fari ƙal fa? Uban tonon asiri,
ko ƙuda ya sauka sai ya kai ƙara.
Baƙi mai sheƙi, ɗigon ruwa ɗaya ya bushe
sai ya bar masa tambari.
Ki shafa fenti ki huta, in ji wanda ba a tambaya ba.
Fenti na sani. Damina biyu ya yi mini,
ya kumbura, ya saɓule kamar fatar ƙuna.

Can bayan buhunan siminti na hango shi,
faffaɗa, ba ado, ba zane,
santsi kamar cikin kwanon tangaran,
launin kunun gyaɗa.
Na zuba masa sauran miyar duka.
Shafa ɗaya. Ko alama.
Sahabi ya ce jikka shida mita.
Na ce huɗu, miyar kuma kyauta ce.
Muka tsaya a biyar, kowa na rantsuwa ya faɗi.

Wata biyu da ɗaura shi,
Inna ta zo daga Tawa ganin likitan ido.
Da yamma na ja ta madafa ina soya albasa,
mai ya yi tsalle ya kama bango,
na share a gabanta, ina jiran yabo.

Ta lalubi bangon da tafin hannu. Ta daɗe.
Ta ce: Namu laka ne,
hayaƙi ya yi shekara arba'in yana ɗinka masa riga.
Inda tukunyar sunanki ta yi bori,
tabon na nan.
Inda babanki kan jingina kai yana jiran ƙanzo,
har gobe wurin na ƙyalli.
Wannan naki ba ya riƙe kowa.

Na ce: Inna, abin da na biya ke nan.
Ta ce: To. Miƙo gishiri.

Bayan isha'i na dawo da tsumma.
Ƙarƙashin fitila, dab da tukunya,
ga yatsu biyar na mai,
ƙaramin a karkace, yadda nata yake.
Shafa ɗaya zai isa, na sani,
don haka na saye shi.

Na tsaya, famfo na ɗiga.
Na rataye tsumma a ƙusa.
Gobe ma rana ce.